LADUBBAN WALIMA DA AMSAR TAMBAYAR WANDA BAI HALARTA BA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta aure Ya sanya shi sutura ga bayinSa, Ya kuma hore mu da riƙon zumunci da tsare harshe. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda yake zaman kasuwa ko yake aikin ofis ya san akwai lokutan da katin gayyata yake yi wa mutum yawa, musamman a watan Sha'aban gab da kama azumi, da bayan Babbar Salla idan alhazai sun komo gida, da kuma lokacin kaka sa'ad da amfanin gona ya shigo hannu. A Juma'a guda sai a ɗaura aure uku ko huɗu a unguwanni dabam-dabam, kowanne kuwa da mai jin cewa yana da hakki a kanka. Tun da mutum ba ya rabuwa biyu, tilas ne a sami wanda ya je da wanda bai je ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a filinmu na wannan mako shi ne wata ɗabi'a da ta yi yawa a cikinmu. Za a gayyaci mutum biki ya ƙi zuwa, ko wani uzuri ya tsare shi, amma bayan kwana biyu sai ya tare ango ko uban amarya a bakin rumfa ko a teburin aiki, ya shiga jero tambayoyi kamar alƙali: akwati nawa aka kai lefe, wa ya biya kuɗin abinci, gidan da aka kai yarinyar nasa ne ko na haya, me ya sa ba a ga baffanta ba, uwargida kuma yaya ta karɓi al'amarin. Wanda aka tambaya sai ya rasa ta cewa. In ya faɗi gaskiya ya tona asirin gidan da ko sati bai cika ba, in ya yi ƙarya ya saɓa wa Allah, in kuma ya yi tsawa ya ɓata zumuncin shekaru. Shari'a ba ta bar mu cikin duhu a kan wannan ba, amma kafin mu kai gare shi wajibi ne mu san hakkin kowane ɓangare tun daga tushe.

Matsayin Walima

Walima ita ce abincin da ango yake yi saboda aure. A mazhabar Imamu Malik mustahabbi ce, kuma Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 8 na Hijira, ya bayyana a cikin Muhtasar cewa lokacinta bayan tarewa ne, kuma yini guda ake yin ta. Masu sharhi sun ƙara da cewa maimaita ta makaruhi ne, sai fa idan waɗanda aka kira a karo na biyu ba su ne na farko ba. Asalinta shi ne umurnin da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu lokacin da ya auri wata mace daga cikin Ansaru, cewa ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce.

Ba a ƙayyade mata gwargwado ba. Anas ɗan Malik ya ba da labari cewa mafi girman walimar da Annabi (S.A.W.) ya yi ita ce ta Zainab 'yar Jahshi a shekara ta 5 bayan Hijira, inda ya yanka akuya aka ci gurasa da nama. Ta Safiyya kuwa, a kan hanyar komowa daga Haibara a shekara ta 7, shimfiɗun fata aka baza aka zuba dabino da cuku da man shanu, ba nama ba gurasa. Buhari ya ruwaito ma cewa ya yi wa wata daga cikin matansa walima da mudu biyu na sha'ir. To, idan haka mafificin halitta ya yi, ina dalilin ma'aikacin da zai ci bashin albashin wata shida, ko ɗan kasuwar da zai taɓa uwar kuɗi, domin kada a ce wane ya fi shi? Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Babban ladabin mai gayya shi ne ya dubi waɗanda yake kira. Abu Huraira ya ruwaito zargi mai tsanani a kan abincin walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta, har aka siffanta shi da mafi sharrin abinci. Wannan abin dubawa ne ga mai tura kati ga manyan ofis da manyan kasuwa, alhali maƙwabcinsa na jikin katanga sai dai ya ji ƙamshi, kuma yaron shagonsa da masinjan ofishinsu ba su san ana yi ba. Haka nan ya tsare taronsa daga abin ƙi. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a shekarar 1817, ya sha yin gargaɗi a cikin littattafansa a kan cakuɗuwar maza da mata a wuraren biki, kuma gargaɗin bai tsufa ba. Shaihu Halil ya karhanta watsa alewa da 'ya'yan itace a kan jama'a domin su yi wawaso. Mai hankali ya auna wannan da liƙin kuɗi da ake yi ana tattake su, abin da dokar Babban Bankin Nijeriya ta shekarar 2007 ma ta hana a sashe na 21, ta tanadi ɗaurin da bai gaza wata 6 ba ko tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba, ko kuwa duka biyun.

Wajibcin Amsa Gayya Da Uzurorinsa

Ko da yake yin walima mustahabbi ne, amsa ta wajibi ne a kan wanda aka ayyana shi da kira. Hadisin nan na Abu Huraira ya ƙare ne da bayanin cewa wanda ya ƙi amsa gayya ya saɓa wa Allah da ManzonSa, kuma Muslim ya lissafa amsa gayya a cikin hakkoki shida na Musulmi a kan ɗan'uwansa. Ayyanawa tana tabbata da baki, ko da ɗan aike amintacce, ko da takarda. Saboda haka katin da aka rubuta sunanka a kai, ko saƙon da aka aiko maka kai kaɗai ta waya, kira ne na ayyanawa. Amma sanarwar da aka yi a rediyo, ko aka liƙa a ƙofar masallaci, ko aka watsa a zauren WhatsApp cewa ana gayyatar kowa da kowa, ba ta ɗora wa kowa wajibi, ko da yake zuwan alheri ne. A lura kuma, wannan wajibci na walimar aure ne. Sauran shagulgulan da al'ada ta ƙaro, irin su kamu da sa lalle da liyafar dare, ba su shiga cikinsa, balle sayen anko.

Azumi ba ya zama uzuri. Mai azumi ya je ya yi wa masu aure addu'a ya komo, kamar yadda ya tabbata a Sahihu Muslim. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ce wanda ya halarta yana da zaɓi a kan ci, watau abin nema shi ne a ga ƙafarka, domin zumunta a ƙafa take.

Amma Shari'a ba ta ƙuntata wa kowa ba. Malamanmu sun ambaci abubuwan da suke kayar da wajibcin. Daga ciki akwai bayyanannen abin ƙi a wurin taron, da kasancewar wanda mutum zai cutu da haɗuwa da shi, da tsananin cunkoso, wanda mai Risala ya ce Imamu Malik ya yi rangwame a kansa, da kuma tsoron a rufe wa mutum ƙofa a wulaƙanta shi. Masu sharhin Muhtasar sun ƙara da rashin lafiya, da jinyar ɗan'uwa, da ruwan sama mai ƙarfi, da tsoron salwantar dukiya, da nisan wuri wanda zuwansa yake da wahala bisa al'ada, suna ƙiyasta su a kan uzurorin barin Juma'a. Kowa ya san yadda kuɗin mota ya tashi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, ga kuma hanyoyin da matafiyi yake jin tsoro a kan ransa. Wanda aka kira daga Sakkwato zuwa Yola ya kasa, babu laifi a kansa. Haka ma'aikacin da yake bakin aiki bai sami izini ba, domin lokacin nan amana ne a wuyansa, an riga an biya shi ladansa. Idan kuma gayya biyu suka haɗu, wadda ta riga zuwa ita ce a gaba. Imamu Nawawi ya ambaci wata ƙofa mai sauƙi, watau mutum ya nemi afuwa wurin mai gayya, idan ya yafe masa wajibcin ya faɗi.

Ladabin Wanda Ya Halarta

Wanda ya je kada ya ja zugar da ba a kira ba. Wani Ba'ansare mai suna Abu Shu'aibu ya shirya abincin mutum biyar ya kira Annabi (S.A.W.) a cikinsu, sai wani mutum ya bi su. Da suka isa ƙofa Annabi (S.A.W.) ya sanar da mai gida cewa ga wanda ya biyo su, in ya so ya yi masa izini, in ya so ya koma, sai mai gida ya yi masa izini. Wannan ya ishi 'yan gayyar soɗi wa'azi. Kada kuma ya kushe abinci, domin Annabi (S.A.W.) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Idan an ci a watse. Aya ta 53 ta Suratul Ahzabi ta sauka ne a kan wasu mutane da suka zauna hira bayan an gama cin walimar Zainab, har Annabi (S.A.W.) ya fita ya komo suna nan, kunya ta hana shi ce musu su tashi. Sa'an nan ya yi wa ango addu'ar albarka, da roƙon Allah Ya haɗa tsakaninsu a cikin alheri.

Akwai wani ladabi da zamaninmu ya ƙara wa nauyi. Abin da ido ya gani a cikin gidan biki amana ne. An hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana kallonta, kamar yadda Buhari ya ruwaito. To, yaya hukuncin wadda ta ɗauki hoton amarya da ɗakinta da jerenta ta watsa wa duniya ba da izini ba?

Tsakanin Mai Uzuri Da Mai Gayya

Wanda ya san ba zai sami zuwa ba, ladabi shi ne ya sanar tun da wuri, kada a dafa da shi a shimfiɗa masa tabarma. Ya ce, “Alhaji, kati ya iso ni, na gode da karamci, sai dai wani uzuri ya tsare ni. Allah Ya sa albarka, Ya ba su zaman lafiya.” In da hali ya aika da gudummawa, in babu addu'a ta wadatar. Bayan biki ya taka ya je ya yi Allah-sa-alheri, domin zuwa daga baya yana wanke abin da rashin zuwa ya bari a zuciya.

Shi kuma mai gayya ya karɓi uzuri yadda aka kawo shi, kada ya tsananta bincike. Wani bashi ne ya hana shi, wani rashin suturar fita, wani matarsa ce ba lafiya ba ya son a sani, wani kuma akwai wanda ba ya son haɗuwa da shi a taron, faɗin sunansa kuwa zai zama gulma. Allah Ya koya mana a aya ta 28 ta Suratun Nur cewa wanda ya yi sallama a ƙofa aka ce ya koma, to ya koma, hakan ya fi masa tsarki, kuma ba a ɗora wa mai gida ya faɗi dalili ba. Mutum yana da hakkin ya riƙe uzurinsa a cikinsa. Kada kuma a mai da gayya bashi, a buɗe littafi ana rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba domin a rama. Annabi (S.A.W.) ya bayyana cewa mai sada zumunci na gaskiya shi ne wanda idan aka yanke masa sai ya sadar, mai ramawa kawai bai kai wannan daraja ba.

A nan ne za mu jawo hankalin mai uzuri zuwa ga adalci. An rufa maka asiri ba a tambaye ka abin da ya hana ka zuwa ba. Ashe bai kamata kai ma ka rufa wa wanda ya gayyace ka asiri ba?

Hukuncin Bin Diddigi

Mugira ɗan Shu'uba ya rubuta wa Mu'awiya abin da ya ji daga Manzon Allah (S.A.W.), cewa Allah Yana ƙin abubuwa uku ga wannan al'umma, su ne jita-jita, da yawan tambaya, da tozarta dukiya. Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Wanda ya dubi bukukuwanmu zai ga ukun nan a jere suke tafiya. Ana ɓarnar dukiya domin tsoron bakin mutane, mutane suna tambaya domin su sami abin faɗi, abin da suka faɗa kuma shi ne yake tsorata mai aurar da 'ya na gaba ya ci bashi. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ita ma ta jero cututtuka uku bisa tsarin da suke aukuwa: mugun zato, sa'an nan tajassusi, watau binciken abin da aka ɓoye, sa'an nan giba. Wanda ya zaci cewa ango bashi ya ci, zaton ba zai bar shi ya zauna ba sai ya yi bugun ciki, in ya samo kuwa ba zai iya riƙewa ba sai ya kai majalisa.

Ibnu Abi Zaidin ya ce ladubban alheri gaba ɗaya daga hadisai huɗu suke rassa. Biyu daga cikinsu a kan wannan magana tamu suke: wanda yake horon mumini ya faɗi alheri ko ya yi shiru, da wanda yake nuna cewa barin abin da bai shafi mutum ba yana daga kyawun Musuluncinsa. Na biyun nan Imamu Malik ya kawo shi a cikin Muwaɗɗa, kuma shi ne na 12 a cikin Arba'una ta Nawawi da yaranmu suke haddacewa a makarantun Islamiyya.

Wani zai ce, ashe Annabi (S.A.W.) da kansa bai tambayi Abdurrahman ɗan Aufu nawa ya ba da sadaki ba? Ashe bai tambayi Jabir ɗan Abdullahi ko budurwa ya aura ko bazawara ba? Gaskiya ne, ya tambaya. Amma mu dubi mai tambayar da inda tambayar ta ƙare. Shi ne shugabansu kuma malaminsu, wanda ya fi iyayensu tausayinsu. Da Abdurrahman ya ce ya ba da zinariya nauyin ƙwallon dabino, sai aka yi masa addu'ar albarka aka koya masa sunnar walima. Da Jabir ya ce bazawara ya aura domin mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu ya bar masa ƙanne mata masu bukatar mai kula da su, sai aka yi masa addu'a, kuma a wannan tafiya ce Annabi (S.A.W.) ya sayi raƙuminsa, da suka isa Madina ya biya shi kuɗin ya kuma mayar masa da raƙumin. Akwai wani abin lura kuma: su biyun nan sun yi aure Annabi (S.A.W.) bai sani ba sai daga baya, amma bai yi fushi ya ce don me ba a gaya masa ba.

Ma'aunin ke nan. Mai tambaya ya tambayi kansa tukuna: in na ji amsar, me zan yi da ita? In taimako zai yi, ko nasiha a asirce, ko addu'a, kuma yana da matsayin da zai yi hakan, to bismilla. In kuwa iyakarta ya auna arzikin ɗan'uwansa da nasa, ko ya sami abin hira a gindin bishiya, to ya kame bakinsa. Tambayar da ta dace da wanda bai halarta ba gajeriya ce: an yi taro lafiya, baƙi sun koma lafiya, akwai abin da zan taimaka da shi?

Yadda Ake Amsawa

Da farko mu rarrabe abin da yake na bayyane da abin da yake na ɓoye. Shari'a ta yi umurni da bayyana aure domin ya bambanta da alfasha. Wane ya auri wance, waliyyi wane, rana kaza, duk wannan ba asiri ba ne. Sadaki ma a ƙasarmu a gaban shaidu ake ambatonsa, a ce kaza ne lakadan ba ajalan ba, saboda haka wanda ya tambaya aka gaya masa ba a tona kome ba. Mafi ƙarancinsa a mazhabarmu rubu'in dinari ne, watau zinariya giram 1 da ɗan ɗoriya, kuma ƙarancinsa ba abin kunya ba ne. Amma yawan lefe da gara, da wanda ya ba da gudummawa da wanda bai bayar ba, da bashin da aka ci, da saɓanin da ya auku tsakanin dangi, da halin da uwargida ta shiga, waɗannan na cikin gida ne. Haka sakamakon gwajin lafiya, wanda Jihar Kano ta wajabta da doka kafin aure a shekarar 2024. Na ma'aurata ne da waliyyansu da wanda doka ta ɗora wa dubawa, ba na 'yan majalisa ba. Mafi tsanani duka shi ne abin da yake tsakanin miji da mata a shimfiɗa. Muslim ya ruwaito cewa mai yaɗa wannan yana cikin mafi sharrin mutane matsayi a wurin Allah ranar Alƙiyama, saboda haka abokan ango da ƙawayen amarya su ji tsoron Allah, wasa ba ya halatta shi.

Idan tambaya ta zo a kan abin ɓoye, mataki na farko shi ne amsa a dunƙule tare da godiya ga Allah. In shugabanka ne a wurin aiki ka ce, “Ranka ya daɗe, an yi lafiya an tashi lafiya, Allah Ya rufa asiri, sai dai muna neman addu'arku.” Sau da yawa mai hankali a nan yake tsayawa. In ya sake, sai a mai da magana ga mai ita: “Kawu, wannan magana tana hannun Baffa, shi ne waliyyi, ni ban isa in shiga gabansa ba.” Mace kuma ta ce, “Gwaggo, kayan ɗaki dai an yi daidai ƙarfi, Allah Ya sa ta mora.” In tsaranka ne ko taubashinka, raha tana kashe magana ba tare da rauni ba: “Kai da ba ka ci tuwon ba, ina ruwanka da lissafin masara?” In duk wannan bai yi ba, to babu laifi a faɗi gaskiya a fili cikin taushin murya: “Malam, ka yi mini afuwa, wannan asirin yaran ne, ba na son in yi magana a kai.” Faɗin haka ba rashin kunya ba ne, muna da magabata a kansa. Annabi (S.A.W.) ya aiki Anas wata bukata yana yaro, da mahaifiyarsa Ummu Sulaimi ta tambaye shi wace bukata ce sai ya ce asiri ne, ita kuwa ta ƙarfafa shi a kan kada ya gaya wa kowa. Haka Sayyidina Abubakar, lokacin da Sayyidina Umar ya yi masa tayin auren 'yarsa Hafsa bayan rasuwar mijinta, shiru ya yi bai ce kome ba har Umar ya ji zafi a ransa. Sai bayan da Annabi (S.A.W.) ya aure ta ya bayyana masa cewa ya riga ya ji Annabi ya ambace ta, ba zai kuwa fallasa asirinsa ba. Ya ɗauki fushin amininsa na ɗan lokaci domin ya tsare amana. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Abubuwa biyu ne ba su halatta ga mai amsa. Na ɗaya ƙarya, ko ta ƙari domin alfahari, ko ta ragi domin tsoron baki. Wanda aka kai wa akwati uku ya ce goma ya shiga cikin zargin mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba, kuma ya ɗora wa talakan da ya ji shi nauyi. Idan an matsa, akwai mafita a cikin zance mai fuska biyu wanda yake gaskiya ne a kan kansa, irin wanda Sayyidina Abubakar ya yi a hanyar Hijira, da aka tambaye shi wane ne tare da shi ya amsa da cewa mai nuna masa hanya ne. Amma malamai sun ce gwargwadon bukata ake yin wannan, kuma ba a yin sa domin a danne hakkin wani. Na biyu gori. Kada a ce, “Da ka damu da mu ai da ka zo.” Mai yiwuwa uzurinsa ya fi abin da kake zato nauyi, kuma aya ta 34 ta Suratu Fussilat ta hore mu da tunkuɗe mummuna da abin da ya fi kyau, har maƙiyi ya koma kamar masoyi.

Kada kuma a wuce iyaka a mai da kowa bare. Uwa da uba da waliyyi, da alƙali idan magana ta kai gabansa, suna da hakkin su sani, rashin halartarsu saboda ciwo ko tafiya ba ya kayar da wannan hakki. Kakar da tsufa ya hana ta zuwa, ta ce a ba ta labarin jikarta, a zauna a ba ta har ta ƙoshi, wannan sada zumunci ne. Haka wanda ya zo neman shawara domin shi ma zai aurar, yana son ya san abin da zai tanada, a gaya masa gaskiya a kuma nuna masa inda zai rage. Abin da ake tsarewa shi ne bakin da zai ɗauka ya kai gaba. Annabi Yaƙubu ya hana ɗansa Yusufu ba da labarin mafarkinsa ga 'yan'uwansa, alhali shi da kansa ya saurara, domin ya san kunnen da alheri yake shiga ya zauna da wanda yake shiga ya zama hassada.

Ya 'yan'uwa, sabon aure kamar sabon gini ne da bai bushe ba, ɗan taɓi kaɗan yake bar masa alama. Sau nawa maganar da uban amarya ya saki a kasuwa da safe take isa kunnen dangin ango kafin la'asar, an ƙara mata gishiri, yarinya ta fara zaman aure da gabar da ba ta san mafarinta ba? Magana zarar bunu ce. Wanda aka gayyata ya amsa in ya sami iko, in bai samu ba ya ba da uzuri ya yi addu'a ya tsaya a nan. Wanda ya yi gayya ya karɓi uzuri, ya tsare asirin 'ya'yansa, ya amsa tambaya da fuska a sake da harshe a tsare.

Allah Ya sanya albarka a cikin aurarrakinmu, Ya rufa mana asiri duniya da Lahira, Ya shagaltar da mu da aibobinmu ga barin aibobin mutane, Ya ba mu zuriya ɗayyiba. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.